Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1781–1837): Rayuwa Tsakanin Ilimin Magani da Wuridi

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ta fuskar da ba a cika tsayawa a kanta ba, wato matsayinsa na marubuci a fannin magani wanda kuma ya tashi a gidan wuridi da halwa. An kawo tarihinsa daga Ɗagel zuwa Wurno, sannan aka dubi inda fannonin biyu suka haɗu, da yadda binciken zamani kan lafawar jikin mai tattara hankali, musamman sabon shiga, ya shafi aikin manazarta Hausa.

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan abin da aka rubuta a kan Muhammadu Bello ya karkata ne ga yaƙi da mulki da tarihi. Hakan ba abin mamaki ba ne, domin shi ya kafa birnin Sakkwato, shi ya riƙe daula shekara ashirin bayan mahaifinsa, kuma littafinsa Infaƙul Maisuri na daga cikin manyan madogaran tarihin jihadi. Sai dai a cikin ɗimbin rubuce-rubucensa akwai rukunai biyu da suka cancanci a karanta su kafaɗa da kafaɗa: waɗanda suka shafi cututtukan jiki da magungunansu, da waɗanda suka shafi tarbiyyar zuciya a tafarkin Sufaye. Masana irin su Murray Last da Ismail Abdalla sun share fagen nazarin waɗannan ɓangarori. Abin da wannan maƙala ta sa gaba shi ne nuna yadda rayuwar mutum ɗaya ta ɗauke su duka, da abin da hakan ke koyarwa a yau da ake da na'urorin auna bugun zuciya da numfashi.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Bello a shekarar 1195 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1781 Miladiyya. Mahaifiyarsa ita ce Hauwa'u, wadda aka fi sani da Inna Garka. Ya tashi a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, a lokacin da garin ya zama matattarar ɗalibai daga sassa daban-daban na ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa, da baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, da sauran malaman jama'ar, har ya ƙware a Larabci da fiƙihu da hadisi da tafsiri tun yana matashi.

Gidan da ya tashi a ciki gidan Ƙadiriyya ne. Shehu Usmanu da kansa ya bayyana a ɗan littafinsa na wuridi cewa a shekara ta 36 da haihuwarsa ya sami wani buɗi da ya ƙara wa gaɓoɓinsa na gani da ji da shaƙa kaifi, sannan bayan ya cika shekara 40 ya yi gamon nan da aka danganta da Shehu Abdulƙadir Jilani. Abin lura a nan shi ne, an siffanta buɗin ruhi da alamomin da suka bayyana a jiki. A gidan ne kuma yayansa Muhammadu Sambo, wanda ya rasu a 1826, ya shahara da gudun duniya da yawan keɓewa, kuma a nan ƙanwarsu Nana Asma'u ta taso. Saboda haka Bello ya san zikiri da ƙidayar tasbaha da tsayuwar dare a matsayin al'adar gida tun kafin ya san su a matsayin fannin ilimi.

3.0 Shekarun Jihadi

A watan Fabrairu na 1804 jama'ar Shehu suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, Bello yana da shekara 23. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tabkin Kwatto, inda rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta sha kashi. Nasarar ba ta hana wahala biyo baya ba. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, jama'ar ta yi asarar mutane masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200, sannan aka sake shan wuya a Alwasa a 1805. Yunwa da zazzaɓi da ƙarancin abinci sun yi ta bin sansanonin a waɗannan shekaru. Wanda ya ga irin wannan da idonsa ba zai ɗauki lafiyar jama'a ƙaramin al'amari ba, kuma wannan yana taimakawa wajen fahimtar dalilin da ya sa daga baya sarki mai fama da iyakoki ya sami lokacin rubutu a kan basir da tsutsar ciki.

A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa, Bello yana cikin manyan jagororin rundunar. A daidai wannan lokaci ne Malam Musa ya karɓi Zariya, Sarki Makau ya yi kudu. A 1809 Bello ya fara gina Sakkwato. Da Shehu ya raba ɗawainiyar daula a 1812, sai gabas ta zama a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi. Rabon gabas ya haɗa da Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi. A wannan shekara ce kuma ya kammala Infaƙul Maisuri, wanda ya ƙunshi wasiƙun muhawarar da aka yi da Shehu Muhammadu al-Aminu al-Kanemi na Barno.

4.0 Riƙon Daula

Shehu Usmanu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Shekarun farko sun zo da jarrabawa. Abdussalami ya yi tawaye a Kware, lamarin da Bello ya rubuta bayaninsa a Sardul Kalami. Tsakaninsa da baffansa Abdullahi an sami sanyin dangantaka, sai a yaƙin Kalambaina suka daidaita. Gobirawa da Kabawa da Katsinawan Maraɗi ba su daina kai hari ba, abin da ya sa ya ɗauki tsarin kafa ribaɗi a bakin iyaka, inda ake zaunar da mayaƙa da malamai da manoma wuri guda. Wurno ita ce mafi shahara a cikinsu, kuma a can ya fi zama a ƙarshen rayuwarsa.

Mulkinsa ya dogara ƙwarai da alƙalami. Ya rubuta Usulus Siyasa domin Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya amsa tambayoyin Sarkin Bauchi Yakubu a rubuce, ya kuma riƙa aika waziransa Giɗaɗo ɗan Laima ya zagaya masarautun gabas. A zamaninsa sarakuna uku suka yi mulkin Zazzau, wato Malam Musa, da Yamusa daga 1821, da Abdulkarimu daga 1834, waɗanda daga gare su gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa suka samo asali. Ta wannan hanya ta wasiƙu da manzanni da ɗalibai ne littattafan Sakkwato suka riƙa isa makarantun zaure na Zariya da ƙauyukanta.

5.0 Bello da Ilimin Magani

Rubuce-rubucen Bello na magani sun kasu gida biyu. Kashi na farko ya bi tafarkin maganin Annabi, inda ake tattaro hadisai da addu'o'i da abubuwa irin su zuma da habbatus sauda da ƙaho. Misalinsa shi ne Al-Mawaridun Nabawiyya. Kashi na biyu ƙananan littattafai ne da kowanne ya ɗauki cuta guda ko magani guda: akwai na ciwon ido, akwai na basir, akwai na tsutsar ciki, akwai kuma na amfanin filasko. Wannan salo na ware cuta ɗaya a bi sababinta da alamominta da maganinta ya nuna marubuci mai son abin da za a yi aiki da shi.

Tushen tunanin da ke ƙarƙashin irin waɗannan littattafai shi ne ilimin likitancin da Musulmi suka gada daga Yunanawa suka faɗaɗa. A wannan ilimi lafiya tana nufin daidaito tsakanin zafi da sanyi da danshi da bushewa. Likitocinsa sun lissafa sababai shida da lafiya ke rataye a kansu: iska, ci da sha, barci da farkawa, motsi da hutu, riƙewa da fitarwa, sai na shida, halayen rai irin su fushi da tsoro da baƙin ciki da farin ciki. Ke nan a wurin malamin da ya karanta wannan ilimi, halin da zuciya ke ciki sababi ne na lafiyar jiki kamar yadda abinci yake. Ibn Sina ya kai ga bayyana a littafinsa Al-Ƙanun yadda likita zai gano wanda begen wani ya kwantar, ta hanyar riƙe jijiyar hannunsa ana ambaton sunaye, a lura da inda bugun ya sauya. Wannan aunawa ce ta abin da ke ɓoye a rai ta hanyar abin da ya bayyana a jiki, da yatsu kawai.

Akwai darasi ga manazarcin harshe a nan. Kalmar Larabci ta ilimin magani, wadda Bello ya yi amfani da ita, ita ce ta shigo Hausa ta zama tsibbu, ma'anarta kuma ta karkata zuwa rubutun sha da laya da hatimi. Sauyin ma'anar ya nuna wane ɓangare na gadon ne ya fi yaɗuwa a bakin jama'a, da wanda ya tsaya a cikin gafakar malamai.

6.0 Baƙo Daga Ingila

A watan Maris na 1824 Hugh Clapperton ya isa Sakkwato. Abokin tafiyarsa, likita Walter Oudney, ya riga ya rasu a kusa da Katagum a watan Janairu. Clapperton ya ruwaito cewa Bello ya nuna takaicin wannan rashi, domin ya so ya ga likitan Turawa da zai koya wa mutanensa, kuma ya nemi a aiko da likita da jakada su zauna a ƙasarsa. Ingila ta amsa, tafiya ta biyu ta taso da likitoci biyu, Morison da Dickson, amma babu wanda ya iso: na farko ya rasu jim kaɗan bayan barin Badagiri, na biyu ya bi wata hanya aka daina jin ɗuriyarsa.

Clapperton ya iso Zariya a watan Yuli na 1826, ya ratsa arewacin Zazzau, yankin da garuruwa irin su Kudan da Maƙarfi da Ikara da Paki suke, ya shiga Kano, daga can ya nufi Sakkwato. Cikin kyaututtukan da ya kawo akwai littattafan Larabci, har da na lissafin Iƙlidis da na Ibn Sina. Ziyarar ba ta yi daɗi ba, domin ana yaƙi da Barno, kuma Bello ya hana shi wucewa da saƙon da ya ɗauko wa al-Kanemi. Clapperton ya kwanta ciwo ya rasu a ranar 13 ga Afrilu, 1827. Da haka burin Bello na haɗa ilimin likitancin da ya gada da na Turai ya tsaya. A lokacin ma likitancin Turai bai daɗe da fara dogaro da na'ura ba, domin a 1816 ne Laennec ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji a Faransa.

7.0 Wuridi da Tambayar Ɗariƙa

Bello bai bar tafarkin gidansu ba duk da nauyin sarauta. Ya rubuta Raf'ul Ishtibahi a kan jingina ga Allah da bayinsa na gari, ya rubuta Miftahus Sadadi a kan waliyyai, ya yi musayar wasiƙu da malaman Kunta na yankin Tambutu, waɗanda su ne ginshiƙan Ƙadiriyya a yammacin Afirka. Ya kuma tattara labarin mata Sufaye a wani littafin nasiha, wanda Nana Asma'u ta mayar waƙa da Fulatanci da Hausa domin matan da ba su karanta Larabci. Wannan aiki ya shafi sababbin shiga kai tsaye, tunda ta hannun jajis na 'Yan Taru ake kai irin waɗannan waƙoƙi ga matan karkara da ke fara koyon addini da zikiri.

A shekarun 1830 Alhaji Umaru Futi ya sauka a Sakkwato a kan hanyarsa ta dawowa daga Makka, ɗauke da izinin Tijjaniyya. Ya zauna shekaru, ya raka Bello yaƙi, ya kuma auri 'yarsa Maryamu. Daga nan ne muhawarar da ba ta mutu ba har yau ta taso: mabiya Tijjaniyya suna cewa Bello ya karɓi wuridinsu kafin rasuwarsa, gidan waziri kuwa, tun daga Giɗaɗo da ɗansa Abdulƙadir, sun tsaya a kan cewa Baƙadire ya rayu, Baƙadire ya rasu. Zafin muhawarar kansa shaida ne cewa a wurin mutanen wannan zamani, wane lafazi mutum yake maimaitawa, sau nawa, a wane lokaci, ba ƙaramin zance ba ne.

8.0 Rasuwarsa

A 1836 Bello ya jagoranci yaƙin Gawakuke, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda. Shi ne babban yaƙinsa na ƙarshe. Ya rasu a Wurno a watan Rajab na 1253, wato Oktoba 1837, yana da shekara 56 a lissafin Miladiyya, aka binne shi a can. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. Giɗaɗo ya rubuta tarihinsa a Al-Kashfu wal Bayani, Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, sannan a 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani.

9.0 Abin da Na'ura ta Gano Daga Baya

Abin da likitocin da suka gabata ke lalube da yatsu ya samu ma'auni bayan rasuwar Bello. A 1915 Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya bayyana yadda tsoro da fushi ke zaburar da wani sashe na jijiyoyi, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, jiki ya shirya wa faɗa ko gudu. A 1970 Robert Keith Wallace ya wallafa sakamakon auna masu wani salon tattara hankali da ya samo asali daga Indiya, inda ya nuna raguwar iskar oksijin da jiki ke ci da raguwar bugun zuciya. Herbert Benson, likitan zuciya a Harvard, ya ci gaba da aikin, a 1975 ya fitar da littafin da ya yayata ra'ayin cewa jiki yana da martanin lafawa, kishiyar wanda Cannon ya siffanta. Ya ce abubuwa huɗu ke jawo shi: wuri mai shiru, zama mai daɗi, kalma ko jimlar da ake maimaitawa, da ƙyale tunanin da ya kutso ba tare da kokawa da shi ba. Duk wanda ya san ladubban wuridi zai ga kamanni a nan.

Sababbin shiga su ne zakaran gwajin dafi a wannan bincike. Idan an auna wanda ya shekara ashirin yana yi, ba za a iya rarrabe tasirin aikin da ɗabi'ar da ta sa ya zaɓe shi tun farko ba. Shi ya sa a 1974 Benson da abokin aikinsa Beary suka koya wa mutanen da ba su saba ba wata hanya mai sauƙi, suka ga cin oksijin ya ragu da kimanin kashi 13 cikin ɗari. A 2001 Luciano Bernardi da abokan aikinsa suka auna mutane 23 suna maimaita addu'ar tasbahar Katolika da Latinanci da wani lafazi na yoga, suka tarar numfashi ya sauka zuwa kusan sau 6 a minti, bugun zuciya ya daidaita da shi. A 2008 wani rukuni da Benson ke ciki ya kwatanta tsofaffin hannu da sababbin da aka horar na mako 8. Duk da haka ba kowa ya gamsu ba. A 1984 David Holmes ya bi binciken da aka yi kafin lokacin, ya yi hujja da cewa raguwar da ake gani ba ta fi ta wanda ya zauna ya huta kawai ba. Tun daga nan duk gwajin da bai haɗa da rukunin masu hutu zalla ba ake ɗaukarsa da rauni.

10.0 Kammalawa

Ƙasar da Bello ya mulka tana da abin da irin wannan bincike ke nema. Wuridin lazimi na Tijjaniyya, alal misali, ƙayyadadde ne: istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma, kuma ana sanin ranar da muridi ya karɓa daga muƙaddami. Za a iya auna numfashi da bugun zuciya da hawan jinin sabon muridi a Paki ko Maƙarfi kafin ya fara da bayan makonni, a kwatanta da wanda ya zauna shiru na daidai wannan lokaci. Sai dai zikiri ba iri ɗaya ba ne. Na ɓoye da ake yi a zaune daban yake da na bandiri da anfasu da Ƙadiriyyar Kano ta shahara da su, inda jiki ke motsi numfashi ke sauri, don haka haɗa su a ma'auni guda kuskure ne.

A nan ne aikin ya dawo hannun manazarta Hausa. Mai na'ura yana buƙatar ya tambayi wanda ya auna abin da ya ji, kuma da Hausa za a amsa masa. Natsuwa da kwanciyar hankali da sakin jiki ba abu ɗaya ba ne. Sanyin jiki karaya yake nufi, mutuwar jiki kasala ce, wanda aka ce ya yi zuciya fushi ya yi, tsoro kuwa a gaba yake faɗuwa. Takardar tambayoyin da aka fassaro ba tare da kula da waɗannan ba za ta auna wani abu daban da wanda aka nufa. Haka nan dole mai bincike ya riƙe cewa mai wuridi ibada yake yi, kuma natsuwar da aya ta 28 ta Suratur Ra'adi ta danganta da ambaton Allah ba ta taƙaita ga adadin bugun zuciya ba.

Muhammadu Bello ya ware littafin ciwon ido daban, na waliyyai daban, ya ba kowanne haƙƙinsa, kuma ya nemi likita daga nesa ba tare da ya ajiye tasbaharsa ba. Littattafansa na magani suna nan a taskokin rubutun hannu na Sakkwato da Kaduna da Zariya da Kano. Fassara su zuwa Hausa, tare da tantance kalmomin jiki da na zuciya da za a yi amfani da su, shi ne matakin da ya kamata ya gabaci ɗaura wa kowane muridi na'ura a hannu.